Darasi na Shida: Yawan Jama'a da Hanyar Sufuri a Ƙauyukan Fadamar Rima

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abubuwan da ke ƙara yawan jama'ar ƙauye da waɗanda ke rage shi;
2. lissafa cunkoson jama'a da kason mutanen da suke kusa da hanya mai biyuwa;
3. nuna dalilin da ya sa kuɗin mota ya fi tsada a ƙaramin ƙauye;
4. faɗar hukumar da ke da alhakin kowace irin hanya, da bayanan da ya kamata ƙauye ya tanada kafin ya kai kukansa.

Ƙasar da darasin ya shafa

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sanya hedikwatarta a Birnin Kebbi, kuma tana da ƙananan hukumomi 21 a ƙarƙashin masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da Gulbin Sakkwato, yana gangarowa kudu maso yamma ya bi ta gefen Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kogin Neja, kuma a kan hanyarsa ya shimfiɗa fadama mai faɗi wadda ake noman shinkafa a cikinta rani da damina. Babbar hanyar kwalta da ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu, mai tsawon kimanin kilomita 50, ta bi tudu ne ta gabashin gulbin, don haka duk wanda yake zaune a tsallake, ta ɓangaren Makera ko Kangiwa, sai ya ratsa fadama kafin ya iso babbar kasuwa ko babban asibiti. Jihar ba ta da layin dogo. Reshen da ya nufo wannan yanki ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Saboda haka sufuri a wannan yanki ya rataya ne a kan mota da babur da amalanke da jaki da kwalekwale.

Yawan jama'a da yadda yake sauyawa

> Yawan jama'a: adadin mutanen da suke zaune a wani wuri a wani lokaci da aka ayyana.
> Ƙidaya: ƙirga dukkan mutanen ƙasa gida-gida a lokaci ɗaya, tare da rubuta shekarunsu da jinsinsu da sana'arsu.

Ƙidayar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a watan Maris na 2006 ta nuna cewa Nijeriya na da mutum sama da miliyan 140, Jihar Kebbi kuma tana da kimanin miliyan 3 da dubu 250. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023 amma aka ɗage ta, wanda hakan ke nufin cewa alƙaluman da ake aiki da su bayan 2006 ƙiyasi ne da aka gina a kan waccan ƙidaya. Ƙiyasi yana iya kusantar gaskiya idan ana maganar jiha baki ɗaya, amma yana kaucewa ƙwarai idan aka sauko kan ƙauye guda, domin tungar masunta da ke da gida 30 a wancan lokaci tana iya zama gari a yau, ko kuma ambaliya ta tashe ta ta koma tudu.

Abubuwa huɗu ne kaɗai suke sauya yawan jama'ar kowane wuri: haihuwa da shigowar baƙi suna ƙarawa, mutuwa da ƙaura suna ragewa.

> Ƙaruwa ta haihuwa: abin da ya rage idan aka cire adadin waɗanda suka rasu daga adadin waɗanda aka haifa a shekara.
> Ƙaura: barin wuri da niyyar zama a wani. Ta bambanta da cin rani, wanda tafiya ce ta 'yan watanni bayan kaka, a dawo kafin shuka.

*Misali na 1.* (Alƙaluman misalan darasin nan na koyon lissafi ne, ba na wani ƙauye takamaimai ba, in ban da misali na 2.) A ɗauka wani ƙauye yana da mutum 800 a farkon shekara. A cikin shekarar an haifi yara 36, mutum 12 sun rasu, mutum 6 sun shigo da zama, mutum 22 sun ƙaura. Ƙaruwa ta haihuwa ita ce 36 a cire 12, wato 24, kuma 24 cikin 800 kashi 3 ne cikin 100. Ta ɓangaren ƙaura an yi asarar 22 a cire 6, wato 16. Idan aka cire 16 daga 24 saura 8, don haka ƙauyen ya wayi gari da mutum 808, ƙarin kashi 1 kacal cikin 100. Mai kallo daga nesa zai ce ƙauyen yana nan yadda yake, alhali waɗanda suka shigo lissafi jarirai ne, waɗanda suka fita kuma galibi majiya ƙarfi ne.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin shekarun da jama'a za su ɗauka kafin su ninka: a raba 70 da kason ƙaruwar shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 za ta ninka cikin kimanin shekara 23, wadda ke ƙaruwa da kashi 1 kuwa sai ta shekara 70.

Cunkoson jama'a da bazuwarsu

> Cunkoson jama'a: yawan mutanen da suka faɗo a kan kowace murabba'in kilomita, idan aka raba adadinsu da faɗin ƙasarsu.

*Misali na 2.* Faɗin Jihar Kebbi ya kai kimanin murabba'in kilomita 36,800. Idan aka raba 3,250,000 da 36,800 za a sami kimanin mutum 88 a kowace murabba'in kilomita a shekarar 2006.

Wannan adadi matsakaici ne, kuma ba ya faɗar inda mutane suke a zahiri. A fadamar Rima manyan garuruwa sun jeru a bakin tudu inda ruwa ba ya kaiwa, a cikin fadamar kuma akwai tungaye a kan 'yan tsibirai da rugagen Fulani masu tashi da sauka gwargwadon ciyawa. Mutum 2,000 da suka taru a gari ɗaya hanya guda ta ishe su, amma mutum 2,000 da suka watsu a tungaye goma suna bukatar rassa goma, kuma kowane reshe mutane kaɗan ne za su bi shi. Wannan ne tushen wahalar ƙaramin ƙauye, domin kuɗin shimfiɗa kilomita ɗaya ba ya raguwa don masu binta sun yi kaɗan.

Nisa daban, sauƙin isa daban

> Sauƙin isa: yadda mutum zai kai inda yake bukata, idan aka auna da lokaci da kuɗi da haɗari, kuma a kowane yanayi na shekara.
> Hanyar rani da damina: hanyar da mota ke iya bi duk shekara, ko da ta burji ce, in ban da ɗan tsaiko na sa'o'i ko 'yan kwanaki bayan ruwa mai ƙarfi.

Wannan sashe shi ne ƙashin bayan darasin. Taswira tana auna nisa da kilomita, amma mazaunin ƙauye yana auna shi da sa'o'in da zai ɓata da kuɗin da zai kashe, kuma waɗannan biyun suna sauyawa da watanni. Ƙauyen da ke kilomita 8 daga Argungu ta cikin fadama tafiyar minti ashirin ce a babur cikin watan Maris, lokacin da laka ta bushe ta yi tauri. Da malka ta sauka a watan Agusta, gulbi kuma ya cika ya batse a Satumba, musamman idan an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori, wannan kilomita 8 tana iya cinye rabin yini, a soma da ƙafa cikin taɓo, a hau kwalekwale, sannan a nemi ɗan kabu-kabu a tsallake. Ƙauyen da ke kilomita 30 a bakin kwalta ya fi shi kusa da asibiti a wannan lokaci.

A 2006 Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da ake gwada wannan al'amari da shi, daga baya kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da shi cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na 2015. Ma'aunin yana tambaya ne: kashi nawa na mutanen karkara suke zaune a tazarar da ba ta wuce kilomita 2 daga hanyar rani da damina ba? An zaɓi kilomita 2 ne saboda tafiyar ƙafa ce ta ƙasa da rabin sa'a ga mai lafiya. Ƙiyasin bankin ya nuna cewa a Nijeriya kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na mutanen karkara suka cika wannan sharaɗi.

*Misali na 3.* A ɗauka wata mazaɓa tana da ƙauyuka huɗu. Na farko, mai mutum 1,500, yana bakin kwalta. Na biyu, mai mutum 900, yana kilomita ɗaya da rabi daga kwaltar. Na uku da na huɗu, masu mutum 1,200 da 400, suna kan wata hanyar burji wadda ruwa ke yankewa a wuri ɗaya har tsawon wata biyu. Jimillar jama'a 4,000 ce. Waɗanda suka cika sharaɗi su ne 1,500 da 900, wato 2,400, kuma 2,400 cikin 4,000 kashi 60 ne cikin 100. Idan aka gina kwalbati mai ƙarfi aka cike wurin da ruwa ke yankewa, mutum 1,600 za su shigo lissafi, kason ya koma 100 cikin 100, ba tare da an zuba kwalta ko taku ɗaya ba.

Abin da misalin ya nuna ya dace da yanayin Rima sosai. Sau da yawa ba doguwar hanyar ce ta lalace ba, wani ɗan guntun mashigi ne a tsakiyar fadama, kuma hanyar da ta yanke a wuri ɗaya ta yanke gaba ɗaya. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun tabbatar da haka a Jihar Kebbi, inda ruwa ya shanye gonakin shinkafa ya kuma karya gadoji da hanyoyi, har garuruwan da ke hangen juna suka koma sai da jirgi. Hanyar Dukku zuwa Makera, wadda ta ratsa fadama daga Birnin Kebbi, tana cikin waɗanda ruwa ke yi wa barazana duk shekarar da gulbi ya yi toroƙo. Abin takaici ne yadda ake fifita aikin da ido ke gani, irin wanda ake yanka ƙyalle a buɗe, a kan kwalbati da magudanar ruwa da yashe lambatu, alhali su ne suke riƙe hanya.

Me ya sa kuɗin mota ya fi tsada a ƙaramin ƙauye?

Direba yana da kuɗin da dole ya fitar a kowace tafiya, ko motarsa ta cika ko ba ta cika ba: mai, kuɗin tasha, gyara, da abin da zai kai gida.

*Misali na 4.* A ɗauka tafiya ɗaya daga ƙauye zuwa Birnin Kebbi tana bukatar direba ya tara naira 30,000. Idan fasinjoji 10 ne, kowa zai biya 3,000. Idan 5 ne, ko dai kowa ya biya 6,000, ko a zauna jiran lodi har rana ta yi tsaka, ko direban ya daina zuwa sai ranar kasuwa. Idan hanyar mai ramuka ce, kuɗin gyara zai hau, kuma fasinja ne zai biya.

Daga nan ake samun wata da'ira mai wuyar fita. Ƙarancin jama'a yana kawo ƙarancin mota, ƙarancin mota yana kawo tsada, tsada tana sa malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya su ƙi zama, matasa su tafi, tafiyarsu kuma ta ƙara rage fasinjoji. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsananta lamarin, domin babur, wanda shi ne motar ƙauyen da ba ya da hanya, ya fi mota tsada a kan kowane fasinja.

Kaya ma haka suke. An ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi, don haka kasuwar shinkafa ta matso kusa. Amma ribar manomi tana ga abin da ya rage masa bayan buhu ya isa hannun mai saye.

*Misali na 5.* Manomi yana da buhu 20 na shinkafa, ana sayen kowane a kan naira 40,000 a kasuwa. Idan mota na shiga gonarsa, zai biya 1,000 a kan buhu. Idan ba ta shiga, zai biya amalanke 800 zuwa bakin ruwa, kuɗin fito 700, 'yan dako 500, sannan mota 1,000, jimilla 3,000. Bambancin naira 2,000 ne a kan buhu, a buhu 20 kuma 40,000, wato buhu guda cur ya tafi a hanya. Manomin da ba zai iya biya ba yakan sayar wa dillalin da ya biyo shi gona, a farashin da dillalin ya yanka.

Shinkafa tana iya jira, amma tumatir da ɗanyen kifi ba sa jira, mace mai naƙuda kuwa ita ce ta fi kowa rashin lokaci. Masana kiwon lafiya suna lissafa jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun aikin hanya ne kai tsaye, kuma yana shafar na farko, domin iyalin da suka san wahalar tafiyar dare zuwa Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu sukan tsaya su ga abin da gari zai waye da shi.

Gulbi a matsayin hanya

Kabawa da Sarkawa sun san ruwa tun zamanin Sarkin Kabi Kanta, kuma bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada, wanda aka soma a 1934, shaida ne a kan haka. Ga mazaunin tunga kwalekwale ba koma baya ba ne, shi ne abin hawan da ya dace da watannin ambaliya, kuma ya fi mota arha wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Haɗarinsa yana zuwa ne daga lodin da ya wuce ƙima, da tsufan katako, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a Kogin Neja kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski, mafi yawansu suka rasa rayukansu. Lodin wuce ƙima yana da alaƙa da lissafin misali na 4: inda jirgi ɗaya ne ke tashi ranar kasuwa, ba wanda yake yarda a bar shi a gaɓa. Hukumar NIWA ce ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, amma a mashigin ƙauye sarkin ruwa da masu fito su ne suke gani da ido, kuma su ne za su iya hana jirgi tashi.

Alhakin wa?

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na tarayya, irin wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega zuwa Yawuri; na jiha; da na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin ƙasar. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, da kafa tashoshin mota da kasuwanni, har da bayar da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Matakin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi da injiniyoyi shi ne ke ɗauke da mafi tsawon hanya. Gwamnatin tarayya ta gwada cike wannan giɓi da hukumar DFRRI a 1986, wadda ta share hanyoyin burji masu yawa, amma da yawansu suka lalace saboda ba a yi tanadin kula da su ba. A 2020 aka amince da shirin RAAMP, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suke tallafawa domin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, kuma Kebbi na cikin jihohin da suka shiga.

Masu tsara irin wannan aiki suna zaɓar hanya ne bisa yawan mutanen da za su amfana, kuma a nan ne ƙaramin ƙauye yake faɗuwa idan ya tsaya shi kaɗai. Adadin da ya kamata a gabatar ya haɗa da duk masu bin hanyar: tungayen da ke bayan ƙauyen, makiyayan da ke sauka da rani, da baƙin manoma da 'yan ƙwadago da ke cika fadama lokacin yankan shinkafa. Ƙungiyar ci gaban gari, tare da mai gari da uban ƙasa, tana iya tanadar jerin gidaje, da rajistar haihuwar yara, da adadin buhunan da ke fita a kaka, da kwanakin da hanya ke yankewa a shekara da ainihin wurin da take yankewa. Takarda mai ɗauke da waɗannan ta fi doguwar wasiƙar roƙo nauyi a gaban kansila ko injiniya. Aikin gayya na yashe magudanai kafin damina kuma yana tsawaita ran hanyar da aka riga aka samu.

Waɗanda suka bar ƙauye ba ɓacewa suke yi ba. Unguwannin Birnin Kebbi irin su Badariya sun bunƙasa tun bayan da garin ya zama hedikwatar jiha, kuma a cikin mazaunansu akwai masu gona a ƙauye da iyali a birni. Hanyar da ta fita daga Badariya ta nufi Kola da Zuguru tana nuna ɗaya fuskar lamarin, domin inda hanya take biyuwa mutum yana iya kwana a ƙauyensu ya yi kasuwa ko aiki a birni ya koma da yamma, ba sai ya kama hayar ɗaki ba. Kuɗin da aka kashe a mashigin fadama, saboda haka, yana rage nauyin da ke kan makarantu da ruwan sha da gidajen haya na birni.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin ƙidaya da ƙiyasi, kuma me ya sa ƙiyasi ke kaucewa a kan ƙauye guda?
2. Wani ƙauye yana da mutum 1,200. An haifi 48, mutum 18 sun rasu, 10 sun shigo, 28 sun ƙaura. Nawa ne yawan jama'arsa a ƙarshen shekara, kuma kashi nawa ya ƙaru?
3. Shekara nawa jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 za ta ɗauka kafin ta ninka?
4. A bayyana ma'anar hanyar rani da damina. Shin dole ne ta zama ta kwalta?
5. A misali na 3, kashi nawa za a samu idan gyaran ya amfani ƙauye na uku kaɗai?
6. Direba yana bukatar naira 24,000 a tafiya ɗaya. Nawa kowane fasinja zai biya idan su 12 ne, nawa kuma idan su 8 ne?
7. Wane mataki na gwamnati ne ke da alhakin hanyar da ta shiga ƙauyen ɗalibi ko unguwarsa?
8. Aikin rukuni: a zana taswirar hanyar da ta haɗa wani ƙauye da kasuwa mafi kusa, a sanya alama a wuraren da ruwa ke yankewa, a rubuta lokacin tafiya da kuɗinta a watan Maris da kuma a watan Satumba.